Wace Na'urar Fitar Da Iska Daga Birki Ta Dace Da Mai Gyaran Motarsa A Gida?

Duk wanda ya taɓa canza kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki a taya) ko tiyon birki da hannunsa ya san halin da ake shiga bayan an gama ɗaure komai: a taka birki, sai a ji feda ta nutse kamar an taka soso. Dalilin haka shi ne iska ta shiga layin. Birkin mota ya dogara ne ga man da ba ya matsuwa, wanda yake ɗaukar ƙarfin ƙafar direba daga masta silinda (famfon da feda take turawa) ya kai shi ga tayoyi huɗu ba tare da ya rage komai a hanya ba. Iska kuwa tana matsuwa, saboda haka ko 'yar kumfa ce ta maƙale a wani lungu, sai ta shanye wani kaso na takun kafin ƙarfin ya isa inda ake bukatarsa. Fitar da wannan iskar shi ne aikin da makanikai suke kira bilidin, kuma na'urorin da ake sayarwa domin yinsa sun kasu gida biyar, daga wadda kuɗinta bai fi na kwalbar man birki ba har zuwa wadda sai mai gareji ne zai iya mayar da kuɗinta.

Mutane da yawa suna fara zaɓe daga farashi, su ɗauka cewa mafi tsada ita ce mafi kyau. A ganina wannan kuskure ne, domin abin da yake yanke hukunci a nan abu biyu ne da ba su da alaƙa da kuɗi: siffar murfin kofin man birki na motar (ma'ajiyar man da ke ƙarƙashin bonet), da kuma irin aikin da za a riƙa yi.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne irin aikin, domin ayyuka biyu ne ake haɗa su a suna ɗaya. Akwai fitar da iska bayan an buɗe layin, kamar lokacin da aka canza kalifa, tiyo ko masta silinda. Akwai kuma canza man gaba ɗaya, wanda kamfanonin motoci da yawa suke cewa a yi duk bayan shekara 2 ko 3, ko da babu wata matsala da ake ji a feda. Dalilin wannan na biyun shi ne man birki na DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 yana tsotsar laima daga iska a hankali, ruwan da ya tsotsa kuma yana saukar da zafin da man zai iya jurewa kafin ya tafasa. Ƙa'idar hukumar sufuri ta Amurka, wadda daga gare ta sunan DOT ya fito, ta tanadi cewa sabon DOT 4 kada ya tafasa a ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Selsiyus, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar tana sauka zuwa digiri 155. Ga DOT 3 kuwa, daga 205 ne zuwa 140. Man da ya tafasa a doguwar gangara yana haifar da tururi a cikin layi, tururin kuma yana matsuwa kamar iska. Canza mai gaba ɗaya yana cin kusan lita 1 a ƙaramar mota, saboda haka na'urar da ta wadatar wajen korar 'yar kumfa daga kalifa ɗaya tana iya zama wahala idan za a ratsa lita guda ta tayoyi huɗu.

Ma'auni na biyu shi ne murfin kofin mai. Motocin Turai da yawa, irin su Volkswagen, BMW, Mercedes da Volvo, suna da murfi mai zare da ake murɗawa, mai faɗin milimita 45, kuma na'urorin matsi da yawa suna zuwa da marfin da ya dace da shi. Motocin Japan da Koriya da wasu na Amurka kuwa kowace da nata salon: wani murfin dannawa ake yi, wani yana da 'yan kunnuwa da ake juyawa kaɗan su kama, wani kuma mai kusurwa huɗu ne. Wanda bai ɗaga bonet ya duba wannan ba kafin ya sayi na'ura yana iya ƙarewa da kayan da ba za su yi masa aiki ba.

Sauran ma'aunan su ne: ko akwai mataimaki ko babu, farashi na gaskiya, wato har da ƙarin marfi, kwampireso da man da za a yi asara, ƙarko, domin man birki yana busar da roba mara inganci har ta tsage, sai haɗari, wanda a nan yake nufin abu uku, wato barin kofi ya ƙafe har iska ta shiga daga sama, lalata robar masta silinda, da zubar da mai a kan fenti, domin man birki yana cinye fentin mota idan ba a wanke shi da ruwa nan take ba.

Tiyo da kwalba, da mutum biyu

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma da ita ake auna sauran. Ana bukatar siririn tiyo garai-garai wanda ake ganin abin da ke gudana a ciki, kwalba mai ɗan mai a ƙasanta, da sifana daidai da notin iska (ƙaramin notin da ke jikin kalifa, da ake kwancewa domin iska ta fita), wanda yawanci yakan kasance milimita 8, 10 ko 11. Mutum ɗaya yana zaune a kujerar direba ya taka feda ya riƙe, ɗayan kuma ya kwance notin kamar rubu'in juyi, mai da kumfa su fita, ya ɗaure, sannan ya ce a saki feda. Haka za a yi ta maimaitawa har kumfa ta daina fitowa.

Kusan kyauta ce, babu abin da zai lalace a cikinta, kuma tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: matsin da ƙafa take haifarwa ya ninka na kowace na'urar gida sau da yawa, shi ya sa take iya fizgo kumfar da ta maƙale a jikin kalifa. Matsalarta ta farko ita ce rashin jituwa tsakanin mutanen biyu, domin idan na ciki ya saki feda kafin na waje ya ɗaure noti, iska za ta koma ciki a sake aiki daga farko. Matsala ta biyu ta fi muni, kuma ta shafi tsofaffin motoci. A tuƙin yau da kullum feda ba ta wuce wani ɗan zango, saboda haka ƙarshen ramin masta silinda, inda fistan ba ya zuwa, yakan tara tsatsa da dauɗa cikin shekaru. Idan aka buɗe noti aka taka feda har ƙasa, robar fistan za ta bi ta kan wannan wuri mai kaushi, tana iya yagewa, sai a gama aiki a tarar feda tana nutsewa a hankali duk da babu iska a layi. Maganin wannan shi ne a ajiye guntun katako a ƙarƙashin feda domin ya tare ta kafin ta kai ƙasa.

Kwalba mai bawul ɗin hanya ɗaya

Ita ma tiyo da kwalba ce, sai dai an saka ƙaramin bawul a tiyon wanda yake barin mai ya fita amma ya hana shi komowa. Da haka mutum ɗaya zai iya kwance noti, ya shiga mota ya taka feda a hankali sau biyar ko shida, ya fito ya duba. Wasu kwalaben suna da maganaɗisu ko ƙugiya domin a rataye su sama da kalifa, wanda hakan yana taimakawa ƙwarai, saboda kumfa tana hawa sama ta bar mai zalla a bakin noti.

Farashinta kaɗan ne, kuma babu ruwanta da murfin kofi, saboda haka tana aiki a kowace mota. Bawul ɗin yakan maƙale idan aka bar tsohon mai ya bushe a ciki, tiyon kuma yakan ƙandare bayan shekara ɗaya ko biyu, amma sauya su ba wani abu ba ne. Rauninta shi ne mai aikin ba ya ganin abin da ke fita a daidai lokacin da yake takawa, sannan lokacin da feda take dawowa sama, iska kaɗan tana iya silalewa ta zaren notin da aka kwance. Haɗarin robar masta silinda yana nan kamar na hanyar farko, don haka katakon nan bai zama tarihi ba. Akwai kuma notocin iska da aka ƙera da bawul a cikinsu, waɗanda ake saka su a madadin na asali su zauna a motar dindindin. Suna da sauƙin aiki, amma sai an sayi guda huɗu masu zare daidai da na motar, kuma amfaninsu ya tsaya a kan mota ɗaya.

Famfon zuƙa

Wannan ita ce na'urar da aka fi tallatawa, kuma a ganina ita ce ta fi ba sababbin shiga takaici. Famfon hannu ne mai kama da bindiga, da agogon da ke nuna ƙarfin zuƙa, da ƙaramin kofi a tsakani. Ana maƙala tiyo a notin iska, a matsa famfon har allura ta hau, sannan a kwance noti, mai ya biyo zuƙar ya zubo cikin kofin. Mityvac shi ne sunan da aka fi sani a wannan fanni, kuma akwai kwaikwayonsa masu arha da yawa. Akwai kuma manya da ake haɗawa da kwampireso, masu tulu mai ɗaukar lita ɗaya ko biyu, waɗanda suke zuƙa ba tsayawa.

Fa'idodinta na gaske ne. Ba a taɓa feda, saboda haka masta silinda yana cikin aminci. Babu ruwanta da murfin kofi. Ana iya amfani da ita a zuƙe tsohon man da ke kofi kafin a fara, wanda hakan yana rage aiki sosai, sannan famfon yana da wasu amfanoni a mota, kamar gwada tiyoyi da bawulolin injin da ke aiki da zuƙa.

Ga inda matsalar take. Da zarar an kwance noti, zarensa ya saki kaɗan, zuƙar kuma ba ta zaɓe: tana jan mai daga cikin kalifa, tana kuma jan iskar waje ta wannan zaren da ta gefen tiyon da bai kama sosai ba. Sakamakon haka shi ne jerin kumfa da ba ya ƙarewa a cikin tiyo, ko da babu sauran iska ko kaɗan a layin birki. Mai aikin yana kallon kumfa, yana ci gaba da zuƙa, yana ƙarar da mai, bai san cewa tuntuni ya gama ba. Tun da dukan aikin ya dogara ne ga ganin lokacin da kumfa ta ƙare, na'urar da take ƙirƙiro kumfar ƙarya ta ɗauke wa mutum ma'auninsa. Ana rage wannan ta hanyar shafa giris ɗin da ya dace da birki a gindin notin daga waje, amma da sharaɗin kada giris na fetur ya taɓa man, domin duk wani mai da aka samo daga ɗanyen man fetur yana kumbura robobin birki ya lalata su. Bayan wannan, kofin famfon hannu ƙarami ne, sai an yi ta zubarwa, idan kuma aka yi sakaci ya cika, man zai shiga cikin famfon ya kashe robobinsa, wanda shi ne ajalin yawancin masu arha. Na kwampireso kuwa saurinsa ne haɗarinsa: yana iya ƙafar da kofin mota cikin ɗan lokaci yayin da mai aikin yake tsugune a tayar baya bai gani ba, shi ya sa masu kyau suke zuwa da kwalbar da ake kifawa a kan kofi tana ƙara mai da kanta. Wanda ba shi da kwampireso tun asali, bai kamata ya saya domin wannan aiki kaɗai ba.

Na'urar matsi daga sama

A nan ana cire murfin kofin mai a ɗaura na na'urar, a tura matsi kaɗan a kan man, sannan a zagaya tayoyi ana kwance noti ɗaya bayan ɗaya, man yana fita da kansa a hankali ba yankewa. Iri biyu ne ake samu domin amfanin gida. Na farko tulu ne mai famfon hannu da agogo, mai kama da na feshin maganin ƙwari, kamar wanda kamfanin Motive yake yi. Na biyu, wanda Eezibleed na kamfanin Gunson ya shahara da shi, yana ɗaukar iskarsa daga taya, bisa sharaɗin a sauke iskar tayar zuwa psi 20 (psi ma'aunin matsi ne) ko ƙasa da haka kafin a haɗa. Matsin da aka saba aiki da shi a gida yana tsakanin psi 10 da 15, wato kusan bar 1, sai dai idan littafin motar ya faɗi wani adadi daban.

Idan murfin ya kama yadda ya kamata, babu hanyar da ta kai wannan a wurina. Tun da layin yana ƙarƙashin matsi, duk wata kafa a zaren noti mai ne zai fita ta cikinta ba iska ta shiga ba, saboda haka kumfar da aka gani a tiyo kumfar gaskiya ce, lokacin da ta ƙare kuma aiki ya ƙare. Ba a taɓa feda. Tulun yana cika kofi da kansa muddin akwai mai a cikinsa. Mutum ɗaya zai canza man mota gaba ɗaya cikin natsuwa, yana kallon tsohon mai mai duhu yana juyewa zuwa sabo garai-garai a kowace taya.

Amma duk wannan alheri yana rataye ne a kan wannan "idan". Murfin da bai kama ba yana nufin man birki mai matsi yana fesowa a cikin ɗakin injin, a kan fenti da wayoyi. Marafan da ake kira na kowace mota, waɗanda ake ɗaurewa da sarƙa ko ƙugiya a zagaye kofin, sukan yi yoyo, kuma ɗaure su a wurin da ya matse aiki ne mai cin rai. Marfin ƙarfe da aka ƙera daidai da mota ɗaya yana magance wannan, sai dai kuɗinsa wani lokaci yakan yi kusa da na tulun kansa, kuma mai motoci biyu daga kamfanoni daban zai bukaci biyu. Akwai ƙa'idar da bai kamata a tsallake ba: a fara gwada na'urar babu mai a ciki, a kai matsi psi 10, a jira 'yan mintoci a ga ko allura za ta sauka. Idan ta sauka, a gyara zaman murfin tukuna. Haka kuma kofin roba na tsohuwar mota yana iya tsagewa ko ya tsinke daga mazauninsa idan matsi ya yi yawa, don haka ƙara matsi domin a yi sauri ba dabara ba ce. Kafin a cire murfin a ƙarshe, wajibi ne a saki matsin daga wajen tulun.

Game da ƙarko, tulun kansa yana daɗewa, amma tiyonsa yana ƙandarewa idan aka bar mai a ciki, kuma man da ya kwana a tulu ya riga ya fara shan laima, bai dace a ajiye shi domin wani karon ba. Saboda haka wasu suke amfani da shi a bushe, wato iska kawai suke turawa, su riƙa tsayawa suna ƙara mai a kofi da hannu. Wannan yana kawar da wanke-wanke da asarar mai, amma yana dawo da haɗarin ƙafewar kofi.

Tura mai daga ƙasa

Hikimar wannan hanya ita ce iska dama sama take son tafiya, don haka maimakon a tilasta mata ta gangara, sai a tura sabon mai ta notin iska ya kora ta zuwa kofi. Ana yi da babban sirinji ko da na'urar musamman, irin ta kamfanin Phoenix Systems. Tana da amfani a kan kuloci mai aiki da mai da kuma birkin babur, inda layin yake miƙe daga ƙasa zuwa sama. A birkin mota kuwa tana da illa guda: mafi dauɗar mai yana taruwa ne a kalifa, turawa daga can kuma yana nufin aika wannan dauɗa zuwa bawulolin ABS (tsarin da ke hana tayoyi kullewa idan aka taka birki da ƙarfi) da masta silinda, sai fa idan an fara wanke layin ta hanyar da aka saba. Ga kuma kofi da yake cika ya tumbatsa idan ba a rage shi ba. Kayan ƙari ce ga wanda ya riga ya mallaki wata, ba ta farko da za a saya ba.

| Na'ura | Farashi | Mutum nawa | Ta dogara ga murfin kofi? | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tiyo da kwalba | Kusan kyauta | Biyu | A'a | Babu abin lalacewa | Robar masta silinda. Sakin feda da wuri |
| Kwalba mai bawul | Ƙasa | Ɗaya | A'a | Matsakaici | Robar masta silinda. Ba a ganin abin da ke fita |
| Famfon zuƙa na hannu | Ƙasa zuwa matsakaici | Ɗaya | A'a | Rauni a masu arha | Kumfar ƙarya |
| Zuƙa da kwampireso | Matsakaici, ban da kwampireso | Ɗaya | A'a | Mai kyau | Ƙafewar kofi |
| Matsi daga sama | Matsakaici zuwa sama, har da marfi | Ɗaya | E | Mai kyau idan ana wankewa | Yoyo a murfi; tsagewar kofi |
| Turawa daga ƙasa | Ƙasa da sirinji, sama da na'ura | Ɗaya | A'a | Matsakaici | Dauɗa zuwa ABS. Tumbatsar kofi |

Abin da babu ɗaya daga cikinsu da za ta yi

Kafin a kashe kuɗi yana da kyau a san iyakar waɗannan kayan. Idan kofi ya taɓa ƙafewa, ko aka canza akwatin ABS, iska tana iya shiga ramukan da bawuloli suke rufe da su a lokacin da motar take tsaye. A motoci da yawa babu matsi ko zuƙar da za ta kai wurin, sai an haɗa na'urar binciken kwamfutar mota wadda za ta umarci famfon ABS ya tashi, bawulolin su buɗe, yayin da ake fitar da man. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, da wasu sababbi masu birkin da lantarki ke sarrafawa, suna da tsari na musamman da sai an bi shi daki-daki. Canza mai na yau da kullum, inda iska ba ta shiga daga sama ba, galibi ba ya bukatar wannan a mota mai birkin da aka saba, wanda hakan ƙarin dalili ne na kula da kofi fiye da komai.

Haka nan sabon masta silinda ana fara cika shi a fitar da iskarsa a kan tebur kafin a ɗaura shi. Kalifar da aka saka ta hagu a dama kuwa notinta zai koma ƙasa, iska ta taru a samansa, kuma ko da wace na'ura aka kwana ana aiki feda ba za ta yi tauri ba. Jerin tayoyi ma a duba littafin motar: an saba farawa da wadda ta fi nisa daga masta silinda a ƙare da mafi kusa, amma wasu motocin suna da nasu jerin. Man da za a zuba shi ne wanda aka rubuta a kan murfin kofi. DOT 5, duk da kusancin sunansa da DOT 5.1, na silikon ne kuma ba ya gauraya da sauran.

Wani abu da ya fi na'urar kanta jawo asara shi ne notin iska da ya yi tsatsa. Rami ne da shi a tsakiya, ba shi da ƙarfi, yana karyewa cikin sauƙi idan aka tilasta masa da sifana mai buɗaɗɗen baki. Sifana mai zobe mai kusurwa shida da man sassauta tsatsa da aka fesa tun daren jiya sun cancanci shiga lissafin kuɗin, tare da ƙafafun ƙarfe na tallafe mota, domin ba a aiki a gefen motar da jak kaɗai ya riƙe.

Wacce ga wa

Mai mota ɗaya da zai taɓa birki sau ɗaya a shekara biyu, kuma yana da wanda zai zauna masa a kujera ya saurari umarni, ba ya bukatar sayen komai ban da tiyo garai-garai da sifana mai kyau. Idan babu mataimaki, kwalba mai bawul ta ishe shi, ya ɗora ta sama da kalifa, ya sa katako a ƙarƙashin feda, ya riƙa leƙa kofi bayan kowane taku biyar ko shida.

Mai motar da murfin kofinta na murɗawa ne mai milimita 45 ya tafi kai tsaye ga na'urar matsi. Idan aikin jefi-jefi ne, mai amfani da iskar taya ta wadatar kuma ta fi arha. Idan yana kula da motoci biyu ko uku, tulu mai famfo da agogo ya fi sauƙin sarrafawa, tun da ba sai ya riƙa sauke iskar taya yana sake hura ta ba. Wannan shawarar ta fi ƙarfi ga mai tsohuwar motar da ba a san yaushe aka canza mata mai ba, domin ita ce hanyar da za ta wanke layin sosai ba tare da an tura fistan cikin tsatsa ba.

Mai motar da murfinta ba na murɗawa ba ne ya fara neman marfin da aka ƙera domin motarsa takamaimai. Idan ya samu kuma kuɗin bai fi ƙarfinsa ba, matsi ne har yanzu. Idan bai samu ba, kada ya dogara ga mai sarƙa. Ya ɗauki famfon zuƙa mai inganci ya yi amfani da shi wajen zuƙe kofi da jan sabon mai, sannan ya rufe kowace taya da taku biyu ko uku ta hanyar kwalba mai bawul, domin ya tabbatar da idonsa cewa kumfar ta ƙare da gaske.

Wanda yake da kwampireso a gida kuma yana taɓa motoci iri daban-daban zai ji daɗin babbar na'urar zuƙa, da sharaɗin ya sayi mai kwalbar ƙara mai. Mai babur, ko wanda kulocinsa ya ƙi yin tauri bayan ya gwada hanyar da aka saba, sirinji babba da guntun tiyo za su iya warware masa. Wanda kuma kofinsa ya riga ya ƙafe a mota mai ABS, feda ta ƙi tauri bayan zagaye biyu, ya daina neman wata na'urar fitar da iska: kuɗin ya tafi ga na'urar binciken da take iya tayar da famfon ABS na irin motarsa, ko ga garejin da yake da ita, kuma kada motar ta hau titi kafin feda ta tsaya da ƙarfi a ƙarƙashin ƙafa na tsawon daƙiƙa 30 ba tare da ta nutse ba.